Abin da Fitilar Injin Ta Ke Faɗa

Da wuya yanzu a sami ƙauyen da babu mota ko ɗaya. Wani ya sayar da shanu ya saya, wani 'yan'uwa ne suka haɗa kuɗi, wani kuma ɗansa ne ya aiko masa daga birni. Ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ran da ta kwanta kuwa, ba mai ita kaɗai ke shan wahala ba.

A yawon da mu ke yi na duba azuzuwa, sau da yawa a kan tare mu da tambaya iri ɗaya. Sai mutum ya ce, "Malam, wata 'yar fitila ce ta kama a gaban sitiyari, ta ƙi mutuwa. In na tsaya, motar sai ta yi ta rawa kamar mai jin ɗari. Na kai gareji, an canja wannan, an canja wancan, kuɗi sun ƙare, rawa tana nan." To, a kan wannan za mu yi magana yau. Ba za mu mai da ku makanikai cikin darasi ɗaya ba. Amma wanda ya iya karanta harafi ɗaya da lamba huɗu, ya kuma iya rubuta su a takarda, ba zai shiga gareji ido rufe ba. Ku kuwa kun iya.

Yadda injin ya ke aiki

Kafin a san ciwo sai an san lafiya. Cikin injin akwai ramuka masu kama da turmi, ana ce musu silinda. Yawancin ƙananan motocin da mu ke gani huɗu gare su, waɗansu shida. Cikin ko wace silinda akwai fistin, yana hawa yana sauka kamar taɓarya. In ya sauka, sai ya zuƙo iska da fetur. In ya hau, sai ya matse su. Sa'an nan filogi ya ƙyasta wuta, su kama, ƙarfin wutar ya tura fistin ƙasa. Daga nan ya sake hawa, ya kori hayaƙi waje ta salansa. Aiki huɗu ke nan: zuƙa, matsa, ƙonewa, fitarwa. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya ƙera injin irin wannan a 1876, har yau kuwa bisa tsarinsa motocin fetur su ke tafiya.

Kun san lugude. In mata huɗu suna daka, wannan ta sauke taɓarya, wannan ta ɗaga, ko daga bayan gida ka ke ka san hannunsu ya zo ɗaya. Da ɗaya ta yi sanyin hannu, ko ta tsallake bugu, nan da nan kunne zai ji. Haka silinda huɗu su ke. Ba tare su ke kama wuta ba, bi da bi ne. In ɗaya ta tsallake nata, sai injin ya yi tuntuɓe, ka ji motar ta girgiza. Wannan shi ne makanikai su ke cewa mota tana misin.

Abu huɗu ko wace silinda ta ke bukata: iska, da fetur, da wuta, da matsi. Iska da fetur kuwa da ma'auninsu. A nauyi, kilo ɗaya na fetur yana son kilo 14.7 na iska, watau kusan goma sha biyar. In iska ta yi yawa, wutar ba ta yin ƙarfi, wani lokaci ma ba ta kamawa. In fetur ya yi yawa, sai baƙin hayaƙi da ɓarnar mai.

Sa'ad da mota ta ke tsaye, injin yana aiki, ƙafar direba ba ta kan totur, a nan ne a ke cewa tana silo. Injin mai lafiya, in ya yi ɗumi, ya kan juya sau 600 zuwa 900 a minti ɗaya. Akwai wani agogo a gaban direba mai lambobi daga 0 zuwa 7 ko 8. Ko wace lamba dubu ce. Wajen silo, allurar za ta tsaya ƙasa da 1 kaɗan, ba hawa ba sauka. Da sassafe, kafin injin ya yi ɗumi, ta kan wuce 1, sa'an nan ta sauko a hankali. Wannan ba ciwo ba ne. Ciwo shi ne allura ta yi ta sama da ƙasa, ko injin ya yi kamar zai mutu, ko ya mutu ɗin.

Me ya sa ciwo ya fi bayyana wajen silo? Don a lokacin nan injin yana juyawa a hankali, iska da man da ya ke sha kaɗan ne. Ƙaramin kuskure ma sai ya nuna. Gishirin da zai ɓata miyar ƙoƙo, ba a jinsa a tukunyar biki.

Ƙwaƙwalwar mota

Dattawan cikinku sun san Peugeot 504, wadda mu ke kira Fijo, irin wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan an buɗe kamfanin can a 1975. Ita kafireto ne ke gauraya mata iska da mai. In silo ya ɓaci, makaniki ya ɗauki sukudireba, ya karkata kunne, ya murɗa har ya ji daidai. Motocin yanzu ba haka su ke ba. Babu kafireto. Ko wace silinda tana da nozul mai fesa mata mai, akwai kuma wata ƙaramar kwamfuta cikin akwati wadda ke faɗa wa nozul yawan man da zai fesa, ta faɗa wa filogi lokacin da zai ƙyasta. Ita ce za mu kira ƙwaƙwalwar mota.

Ƙwaƙwalwar nan ba ta da ido. Tana zaune ne kamar hakimi a zaurensa, masu kawo labari suna shigowa. Masu kawo mata labari waɗansu ƙananan ma'aunai ne da aka dasa a jikin injin. Ɗaya yana auna iskar da ke shiga. Ɗaya yana auna zafin ruwan injin. Ɗaya yana ƙidaya juyawar injin. Ɗaya kuma yana bututun hayaƙi, yana auna iskar da ta rage ba ta ƙone ba. In labarin da su ke kawowa ya saɓa wa abin da ta sani, sai ta rubuta lamba ta ajiye, ta kunna fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai siffar injin.

Wannan tsari ba don mu aka fara shi ba. Hayaƙin motoci ne ya dami biranen Amurka, hukuma ta ce lalle ko wace mota ta riƙa lura da kanta. Daga motocin 1996 aka tilasta wa duk ƙananan motocin da a ke sayarwa a Amurka tsari iri ɗaya, wanda a ke kira OBD-II. Ƙasashen Tarayyar Turai suka bi, aka tilasta wa motocinsu na fetur daga 2001. Mu kuwa yawancin motocinmu gwanjon waɗannan ƙasashe ne, masu shigowa ta Legas da Kwatano. Saboda haka muka gaji tsarin, ko mun sani ko ba mu sani ba.

In ka sunkuya ka duba ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, za ka ga wani ɗan soket mai ramuka 16. Nan a ke jona na'urar karantawa. Masu wayarin da yawa a birane suna da ita. Akwai ma wata 'yar ƙarama, ba ta fi akwatin ashana girma sosai ba, wadda ke aika abin da ta karanta cikin wayar hannu. A jona, a murɗa makulli, lamba ta fito.

Karanta lambar

Ku ɗauki fensir ku rubuta wannan a littafinku: P0302.

Harafi ɗaya ne da lamba huɗu. Harafin yana faɗin unguwar da ciwon ya ke. P na injin da giya ne. B na jikin mota ne, kamar ƙofofi da kujeru. C na ƙafafu ne, kamar birki. U kuwa na wayoyin da ƙwaƙwalen mota su ke magana da juna ne. Mu yau da P mu ke.

Lambar da ke bin harafin, in 0 ce, ma'anarta ɗaya ce a ko wace mota, Toyota ce ko Honda ko Golf. In 1 ce, to, kamfanin da ya ƙera motar ne ya sa mata ma'ana, sai an duba littafinsa. Lamba ta gaba tana faɗin irin aikin. 1 da 2 na iska da mai ne. 3 na wuta da misin ne. 4 na hayaƙi ne. 5 na silo da gudu ne. Biyun ƙarshe su ke nuna ainihin abin da aka gani.

To, P0302 ke nan: injin ne, ma'ana ta kowa ce, misin ne, a silinda ta biyu. P0301 silinda ta ɗaya. P0303 ta uku. P0304 ta huɗu. In kuwa P0300 ta fito, misin ɗin ba na silinda ɗaya ba ne, yana yawo ne. A yawancin motoci, daga gefen da belin injin ya ke a ke fara ƙidayar silinda.

Ga kuma waɗansu da ku kan gamu da su in silo ya ɓaci. P0171, iska ta fi mai yawa. P0172, mai ya fi iska yawa. P0101, labarin ma'aunin iska bai yi daidai ba. P0505, tsarin silo ne ya rikice.

Abin da lambar ba ta faɗa ba

Nan ne wurin da kuɗin mutane su ke zubewa, don haka ku natsu.

Yaya ƙwaƙwalwa ta san silinda ta biyu tana misin? Ba ta ga filogi ba. Ba ta leƙa silinda ba. Abin da ta sani kaɗai, ma'aunin da ke ƙidaya juyawar injin ya gaya mata cewa duk sa'ad da aka zo kan silinda ta biyu, sai juyawar ta ɗan yi sanyi. Ke nan ta san wadda ta tsallake bugu cikin masu lugude. Amma ba ta san dalili ba. Ko hannunta ne ke ciwo, ko taɓaryar ce ta tsage, ko yunwa ta ke ji, wannan sai an je an duba.

Haka ya ke a ɗakin shan magani. In ka ce kanka yana ciwo, ka faɗi gaskiya, amma ba ka faɗi cutar ba. Zazzaɓin cizon sauro yana sa ciwon kai, hawan jini yana sa shi, ƙishirwa ma tana sa shi. Malamin asibiti na kirki sai ya gwada jini tukuna. Lambar mota kukan mara lafiya ce, ba takardar magani ba ce. Duk wanda ya duba na'ura ya ce maka, "Kwamfuta ta ce a sayi kaza," ya ƙara mata abin da ba ta faɗa ba.

Bari mu ba ku labarin abin da ya same mu. Muna da wata tsohuwar mota mai silinda huɗu da mu ke yawon ƙauyuka da ita. Wata rana da damina, muna dawowa daga rarraba littattafai, fitila ta kama, mota ta fara rawa in mun tsaya. Muka shiga wani gareji a bakin hanya. Mai garejin ya jona na'ura, ya dubi direbanmu ya ce, "Oga, wuta ce. Filogi huɗu, kwayil huɗu, sai a wanke nozul." Muka ce, "Maigida, wace lamba ce ta fito?" Ya ɗan yi shiru, ya juyo mana da na'urar. P0302. Muka rubuta.

Kwayil shi ne ke ba filogi wutar da ya ke ƙyastawa. A motoci da yawa na yanzu ko wane filogi da kwayil ɗinsa a kansa, irinsu ɗaya, ana iya musanya su. Sai muka roƙe shi ya kashe injin, ya cire kwayil na biyu ya sa a gurbin na uku, na uku kuma ya koma gurbin na biyu. Noti ɗaya ne ke riƙe da ko wanne, aikin bai kai minti goma ba. Aka goge lambar, aka ta da mota, aka ɗan zaga. Fitila ta sake kamawa. Aka jona na'ura. P0303.

Kun ga abin da ya faru? Ciwo ya tashi daga silinda ta biyu ya koma ta uku. Abin da muka ɗauke daga biyu muka kai uku kuwa, kwayil ne kaɗai. Ashe shi ne mai laifi. Kwayil ɗaya muka saya, rawa ta tsaya. Ba mu ce mai garejin nan ya yi nufin cuta ba. Da ya canja duka, da mota ta warke, da shi da mu duk mun ce aikinsa ya yi. Sai dai da mun biya kuɗin abu takwas don abu ɗaya.

Da lambar ba ta motsa ba fa? Da ta tsaya a P0302, sai mu san kwayil ba shi da laifi. Sai a musanya filogi, kamar yadda aka musanya kwayil. In har yanzu tana nan a biyu, an fita batun wuta, saura mai da matsi. A duba nozul na silindar, ko ya toshe, ko wayarsa ta tsinke. In shi ma lafiya, sai a ɗaura ma'aunin matsi a ramin filogi, a gwada silinda huɗun duka, a rubuta. In ta biyu ta gaza sauran da nisa, to, ciwon yana ciki, bawul ne ko zoben fistin ko gasket. Wannan babban aiki ne, sai an buɗe injin. Shi ya sa shi ne na ƙarshe. Daga mai araha a ke farawa, kuma abu ɗaya a ke taɓawa a lokaci ɗaya. In ka canja abu uku tare mota ta warke, ba ka san wanda ya warkar da ita ba. In ba ta warke ba, ka ƙara ruɗa kanka.

Filogi kuma in an cire shi, ku karɓa ku duba bakinsa, don yana ba da labari. In ya yi launin ƙasa-ƙasa ko toka-toka, lafiya. In ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, mai ya yi yawa. In ya jiƙe yana warin fetur, ba ya ƙyastawa. In ya yi maiƙo, baƙin mai ne ke shiga silinda. In ya yi fari fat, zafi ya yi yawa, ko mai ya yi kaɗan. Ku jera su huɗun a kan takarda bisa lambar silindarsu. Wanda ya fita dabam da 'yan'uwansa, ku tambayi dalili.

In iska ta yi yawa

Lamba ta biyu da ta fi ruɗa mutane ita ce P0171. Ma'aunin da ke bututun hayaƙi ne ya ke kawo wannan labari, cewa iska ta fi mai yawa. Sai wani ya ce ai ma'aunin ne ya lalace, a saya. A saya, a ɗaura, bayan kwana biyu fitila ta dawo. Don me? Don ma'aunin gaskiya ya faɗa. An kori ɗan aike, an bar ɓarawo cikin gida.

Ɓarawon sau da yawa 'yar tsaga ce. Tsakanin matacin iska da injin akwai wani ƙaton tiyo na roba, akwai kuma ƙananan tiyo da yawa. Zafin ƙasarmu yana busar da roba, ta tsage. Iska ta riƙa shiga ta wurin tsagar, ta bayan ma'aunin iska, ba a ƙidaya ta ba. Ƙwaƙwalwa ta ba da man da ya dace da iskar da ta sani, alhali wadda ta shiga ta fi haka. Kamar matar da aka ce mata baƙi biyar ne, ta dafa na biyar, sai ga takwas.

Ga yadda za ku rarrabe. In tsaga ce, rawar ta fi yawa wajen silo, in an taka totur kuwa sai ta lafa, don iskar tsagar ta zama kaɗan cikin mai yawa. In kuwa famfon mai ne ya gaji, ko matacin mai ya toshe, motar ta kan yi silo ba laifi, amma in an ɗauki kaya ko an zo hawan tudu sai ta rasa ƙarfi. Ciwo biyu dabam, lamba ɗaya. Direban da ya lura da lokacin da motarsa ta ke rawa ya rage wa makaniki rabin aiki.

Neman tsaga ba ya son kuɗi. A buɗe bonet, a saurara, wani lokaci za a ji tana huci kamar maciji. In an kashe injin, a bi tiyo ɗaya ɗaya da hannu, a lanƙwasa, a duba ƙarƙashinsa, musamman wajen ninkin babban tiyon. Waɗansu su kan yayyafa fetur a kan injin mai aiki don su ji inda ƙara za ta canja. Kada ku yarda a yi muku haka. Gobara ce a ke kira.

Ƙura ma tana da nata laifin. Da hunturu, hanyoyinmu na ƙauye suna cika matacin iska da wuri, tun kafin lokacin da littafin motar ya faɗa, gama ba don hanyarmu aka rubuta shi ba. A cire shi a ɗaga wajen rana. In haske ba ya ratsawa, a canja. Mun ga waɗanda su ke cire shi gaba ɗaya su yar, wai mota ta sha iska. Ƙurar sai ta manne a ma'aunin iska ya fara ƙarya, sauran ta wuce cikin silinda tana cin ƙarfe kamar yashi. Akwai kuma wata 'yar ƙofa a hanyar iska, wadda totur ya ke buɗewa. In dauɗa ta taru a bakinta, silo ya kan faɗi, injin ya riƙa mutuwa a tsaye. Wankewa ta ke so, ba saye ba.

Sai man da kansa. In mota tana lafiya ƙalau, aka sha mai, ba a yi nisa ba ta fara misin, lambar kuma P0300 ce, to, a fara zargin man. Na jarka a bakin hanya ba a san abin da ke cikinsa ba, ko ruwa ko kananzir. Na gidan mai ma ba ko yaushe ba ne. A watan Fabrairu na 2022 hukuma ta sanar cewa an shigo Nijeriya da fetur wanda wani sinadari mai suna metanol ya yi yawa a cikinsa, aka janye shi daga kasuwa, aka yi ta dogayen layuka a gidajen mai. Ruwa ya fi fetur nauyi. In an tsiyayi kaɗan a kwalba mai haske aka ajiye, sai a ga ruwan ya kwanta a ƙasa.

Akwai rawar da ba ta da lamba ko kaɗan. Injin yana zaune ne a kan waɗansu robobi masu kauri da ke shanye girgizarsa. In sun mutu, mota ta kan yi rawa a tsaye, sitiyari yana kaɗawa, amma allurar agogo tana nan daram, fitila ba ta kama ba. Wannan injin lafiyarsa lau, mazauninsa ne ya lalace. Ko filogi ɗari aka canja ba zai daina ba.

Fitila mai tsayawa da mai ƙyaftawa

In fitilar ta kama ta tsaya, mota kuma tana tafiya ba wani canji, ba dole ne a tsaya nan take ba. A kai ta a duba cikin 'yan kwanaki. Wani lokaci ma murfin tanki ne ba a ɗaure sosai ba.

In kuwa tana ƙyaftawa, tana kamawa tana mutuwa, wannan kira ne na gaggawa. Misin ya yi tsanani. Man da bai ƙone a silinda ba yana wucewa cikin bututun hayaƙi. A can akwai wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma, mai tace guba daga hayaƙi, wanda makanikai su ke kira indomi. Ɗanyen man sai ya kama wuta a cikinsa, ya yi zafi har ya narke ya toshe. Abu ne mai tsada ƙwarai, don akwai ƙarafa masu daraja a jikinsa. Saboda haka a rage gudu, a sauka gefen hanya, ko a lallaɓa zuwa gareji mafi kusa. Kada kuma ku rikita wannan fitila da ja mai siffar buta, ta baƙin mai, ko ja ta zafin injin. Waɗannan in sun kama, a kashe injin nan take.

Na'urar karantawa tana iya goge lamba, fitila ta mutu. Cire kan batir ma ya kan yi haka a motoci da yawa. Amma gogewa ba gyara ba ce. In ciwon yana nan, fitila za ta dawo, yau ko jibi. Abin da ya fi muni, an share shaidar da makaniki na gaba zai yi aiki da ita. Kada ku bari a goge sai kun rubuta.

Masu niyyar sayen motar hannu, ga wata dabara. Waɗansu masu sayarwa su kan cire ƙwan fitilar, ko su liƙe ta daga ciki. Ku murɗa makulli har fitilun gaba su kama, ba tare da kun ta da injin ba. Lalle ne fitilar injin ta kama tare da sauran. In an ta da injin, sa'an nan ta mutu. In tun farko ba ta kama ba, ku tambaya.

A kula da rai

Kada a bar injin yana aiki cikin rufaffen ɗaki ko zaure. Hayaƙinsa yana da wata guba marar wari marar launi, irin ta hayaƙin janareta, tana kashe mutum yana zaune. Kada a taɓa kwayil ko wayar filogi injin yana aiki, wutarsu dubban bolt ce. Mai babbar riga ya tuɓe ta kafin ya sunkuya cikin bonet, mai rawani ya kama jelarsa, don beli ba ya sakin abin da ya kama. Fankar lagireto kuma ta kan tashi da kanta ko ba a taɓa kome ba. Murfin lagireto ba a buɗe shi da zafi. Taba da ashana su yi nisa.

Ku nemi ɗan ƙaramin littafi ku ajiye cikin mota, tare da fensir. Duk ran da fitila ta kama, ku rubuta kwanan wata, da lambar da ta fito, da abin da agogon tafiya ya nuna. Ku rubuta ko injin da sanyi ne ko da zafi, ko a tsaye ne ko a tudu, da inda kuka sha mai na ƙarshe. In an canja wani abu, ku rubuta sunansa da kuɗinsa, ku ce a ba ku tsohon. Mako mai zuwa, duk mai mota ko direba a ajinku ya zo da littafinsa, malaminku zai sa a karanta lambobin a allo.